Gishiri a Ƙwaryar Nono

Ni mai i'ina ne. Gara in faɗa tun daga farko, tunda a rubuce ba wanda zai gane. A takarda harshena santsi ne da shi, amma ka tare ni a hanya ka ce in kwatanta maka tashar Gusau, sai ka isa Gusau a ƙafa ban gama ba. Haka na taso a Morai, haka na yi karatu har na karɓi babbar difloma, haka kuma na ƙare a direban a-kori-kura na wani babban shagon sari da ke bakin titi a Talata Mafara, domin tuƙi ne kaɗai aikin da na samu wanda ba ruwansa da baki.

Duk da haka babu abin da raina ya ƙwallafa a kai kamar shiga wata makarantar koyon kasuwanci da ke wani babban birni, tafiyar yini guda daga Mafara. Jarrabawar rubutu ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan rubutu akwai ganawa: a zaunar da kai gaban malamai, su yi ta tambaya, kai kuma ka yi ta magana. Dokarsu kuwa sau biyu kawai ake ba mutum wannan kujera. In ka faɗi na biyu, sai ka kama hanyar garinku.

Wanda ya jefa ni cikin wannan buri bai ma san ina duniya ba. Wani kamfani ne, wanda kusan duk kayan shagonmu nasa ne. Ba zan kira sunansa ba, mu ma a can ba ma kiransa da suna, sai dai mu ce mai zangarniya, saboda zangarniyar gero biyu da aka zana a jikin kowane buhunsa. Sukarin da ke cikin kokonmu nasa ne. Gishirin miya nasa, fulawar fanke tasa, takin da ake zubawa a gonakin shinkafa na bakin kwalbatocin dam nasa, simintin da aka daɓe masallacin unguwarmu da shi nasa. In kaya sun ƙare buhun ba ya mutuwa. A farke shi a ɗinka da 'yan uwansa a shanya shinkafa a kai, a yi rumfar mai shayi, a yi labulen banɗaki, a shimfiɗa wa jaki a baya. Wata rana na ce bari in gwada ko zan kai azahar ban taɓa abin mai zangarniya ba. Ko fuska ban kai ga wankewa ba, don bakin rijiyar gidanmu da simintinsa aka ɗaure shi.

Wani zai ji haushin haka, ni kuwa mamaki ne ke kama ni, irin wanda ke sa mutum ya saki baki. Tirela za ta tsaya a ƙofar shago, direban ya sauko idanu jajur ya ce kwanansa uku a hanya, kuma akwai wata a bayansa za ta wuce Sakkwato, wata ta riga ta tsaya a Gusau. Ni in ɗebi nawa rabon in kai Bakura, in kai Maradun, in biya Morai in ajiye wa Inna, mahaifiyata, rabin buhun gishiri. Ita kuma ta zauna ta ƙulla shi ƙulli-ƙulli a leda, matan maƙwabta su aiko a karɓa. Daga wata masana'anta da ban taɓa gani ba har tukunyar tsohuwar da ba ta taɓa fita Morai ba, gishirin nan bai ɓata hanya ba, kuma ba ranar da ya makara. Sai in tsaya ina tambayar kaina, wane irin kai ne ke zaune a wani wuri yana tsara wannan? Shi ma mutum ne mai cin tuwo? Da na ji akwai makarantar da ake koyar da irin wannan tunani, shi ke nan barcina na rana ya ƙare.

Mai shagonmu kowa Madam yake ce mata. Kirista ce, aikin gwamnati ya kawo ta Mafara tun tana budurwa, ta yi ritaya ta ƙi komawa garinsu, ta ce can ba wanda ya iya gaisuwa. Hausarta ta Zamfara ce tsantsa, har ta fi ta wasu 'yan gari. Mace ce mai faɗa, amma ita kaɗai ce a duk garin ba ta taɓa ƙarasa mini magana ba. In na maƙale a kalma sai ta naɗe hannu ta jira, ko da tirela na jiran sallama a waje.

Abin da ya faru a Maradun wata damina shi ne ginshiƙin labarin nan. In ruwa ya zauna, hanyar ƙauyukan da ke bayan Dosara ta zama ba ta mota ba. Sau biyu a-kori-kurata ta nutse a laka sai da aka zo da shanu aka ja ta. Wani lokacin ma ba ruwa kaɗai ke sa direba ya juya ba, duk ɗan yankin ya san abin da nake nufi. Sai masu tireda na can su wayi gari ba gishiri ba sukari, a daidai lokacin da makiyaya suka fi neman gishiri don shanunsu. Kaya na jibge a Maradun, masu so na can tsallaken ruwa, ni ina tsakiya ina kallo.

Ran kasuwar Maradun ina zaune a gindin bishiya ina shan fura, sai idona ya tsaya a kan matan Fulani masu tallan nono. Sun sayar, sun wanke ƙorai, sun rufe da faifai, sun aza a kai, sun nufi hanyar nan da motata ta kasa bi. Da ƙafa suke ratsa ruwan. Sun zo da ƙorai cike, za su koma da su wayam. Na bi su da kallo har suka ɓace. Kasuwa uku na yi ina juya maganar a ciki kafin in iya fitar da ita, don tsayawa gaban mata goma sha wani abu ga mai i'ina ba ƙaramin yaƙi ba ne. A ƙarshe na samu babbarsu, wata doguwar dattijuwa da nake kira Goggo, na durƙusa na gaishe ta, na fara. Ta saurare ni tana taunar goro har na kai ƙarshe, sannan ta yi dariya sai da ta riƙe ciki.

“Kaɗo, kai dai ba ka rasa wayo,” in ji ta. “Mu za ka maishe jakkai?”

Amma ta yarda a gwada. Ni zan auna gishiri da sukari in ƙulle a leda biyu, su sa a ƙwarya su rufe da faifai, su sauke wa masu tiredar ƙauyensu, masu tireda kuma su ba su gishirin shanunsu ladan ɗauka. Masu tiredar kuwa ta saƙon waya na shirya da su, don a rubuce ni sarkin magana ne. Ƙwarya ba ta shan ruwa, faifai na kare yayyafi, matan kuma ba wanda ya fi su sanin mashigi. Wannan damina ba tiredar da ta rasa gishiri a bayan Dosara.

Akwai wakilin kamfanin da ke zagayowa lokaci-lokaci, wani mai hula da zanen zangarniya a goshi. Madam ta sa na kai shi Maradun ya gani da idonsa. Ya ɗauki hotuna, ya yi 'yan rubuce-rubuce, sannan ya zaro awo irin na tela daga aljihu ya auna bakin ƙwaryar Goggo da zurfinta. Matan suka yi ta ƙyaƙyata dariya, suna tambaya ko riga zai ɗinka mata. Ya tafi, ni kuma na manta da shi.

Da damina ta zagayo, tirela ta sauke mana wani sabon abu. Gishiri ne a leda mai kauri, an like ta da wuta, ba doguwa ba kamar yadda aka saba, faffaɗa ce, gindinta a lanƙwashe. Na juya ta a hannu, na sake juyawa. Na jefa guda a gaban mota na nufi Maradun ko karin kumallo ban yi ba. Na karɓi ƙwaryar Goggo na saka. Ta zauna daram. Na ɗora faifai, ya rufe ruf, ko tudu babu. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Na zauna a ƙasa cikin kasuwa. Wato wani mutum, a wani ofis mai sanyi da ban san inda yake ba, ya ɗauki ƙwaryar Goggo da muhimmanci har ya sa an juya injin masana'anta saboda ita. Daga baya direban tirela ya gaya mini irin ledar nan ake saukewa ko'ina, har garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Har yau ban san wanda ya yanke wannan shawara ba, ban ma san ko daga wajenmu kaɗai aka ɗauko ta ba. Amma a ranar na tabbatar girman kamfanin nan ba a yawan tirela yake ba, a kunnensa yake, kuma na rantse sai na je inda ake koyon wannan.

Na cika takardu, na rubuta jarrabawa, na ci. Aka kira ni ganawa.

Yanzu sai ku ji wautar da na tafka, kuma da zuciya ɗaya na tafka ta. A gidanmu in aka ce wa Baba gonarsa ta yi kyau bana, sai ya sunkuyar da kai ya ce an dai taɓa. Ban taɓa jin ya ce ni na yi ba, ko da kuwa shi kaɗai ya yi. Yabon kai jahilci, da wannan aka yaye mu. To da na isa ƙofar ɗakin ganawar, na ga shimfiɗa mai laushi a ƙasa da manya uku a bayan tebur, maza biyu da wata mace mai tabarau, sai na tuɓe takalmana a bakin ƙofa. Na shiga na durƙusa. Na tambayi kwanansu, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi aiki, duk da Turanci, duk da i'ina. Ɗaya daga cikin mazan ya saci kallon agogo. Aka nuna mini kujera, na ɗosana a bakinta na kafa ido a ƙasa, don ba a zura wa babba ido.

Mai tabarau ta ce in gaya musu abu ɗaya da na yi a wurin aikina wanda ya canza yadda ake aikin.

Na ce ban yi komai ba. Na ce duk abin da aka samu ikon Allah ne, sai kuma ƙoƙarin uwar ɗakina.

Ta sake tambaya da wasu kalmomi, a hankali, ko ban gane ba. Na sake ba ta amsar nan, har na ƙara da cewa ni direba ne kawai. Suka dubi juna, suka yi mini godiya. Na fito na sa takalmana ina jin daɗin kaina, ina cewa yau mutanen birni sun ga ɗan da ya samu tarbiyya. Da murmushi na hau motar gida.

Da saƙon ban haƙuri ya zo, Madam ta zaunar da ni a kan buhun fulawa ta ce in ba ta labari daga ƙofa har ƙofa. Ban kai rabi ba ta dafe kai.

“Takalmi? Masallaci kat tahi?”

Na ci gaba. Da na zo wurin amsar, ta miƙe tsaye.

“Kai, wanga yaro ka kashe ni. Maganar ƙorai hwa? Ba ka hwaɗa musu ba?”

Na ce ai faɗa yabon kai ne, kuma da kunya.

“Wagga ba kunya ta ba, tsoro na,” in ji ta. “Ka samu inuwa ka laɓe. Da bakinka lahiya lau shike, da ka hwaɗi. Kada ka aza ma ubanka laihin da ba nashi ba.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da zuciya, masu shiru da yawa haka muke. Kwana uku daga ina kwana ba na ƙara mata ko kalma, na riƙa buga ƙofar mota yadda za ta ji. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa. Tun ina ƙarami na gano cewa in na ce ban yi komai ba, magana ta ƙare a kalma huɗu, kuma a yaba mini da ladabi. In kuwa na ce ga abin da na yi, sai an nemi bayani, sai na yi ta fama da harshe ana kallona. Ladabin gaske ne na gada, amma na mayar da shi maɓoya. A rana ta huɗu na kawo mata rake daga Bakura na ajiye a teburinta, ta karɓa, muka ci gaba da aiki.

Saura dama ɗaya, kuma shekara guda a tsakani. Na mayar da a-kori-kura ajina. Hanyar Bakura da ke bin gefen kwalbati doguwa ce, shinkafa kore shar hagu da dama, ba mai jinka sai balbela. Nan nake ba buhuna labarin ƙorai da Turanci, ina bubbuga sitiyari da yatsa, kowace gaɓa bugu ɗaya, don na lura in akwai kiɗa harshena ba ya cijewa sosai. Masu ban ruwa su ga direba shi kaɗai yana surutu yana jijjiga kai, wasu su ɗaga mini hannu, wasu su matsa gefe. Wata da watanni ina yi har labarin ya fara gudana. Amma kullum wuri ɗaya nake tsayawa cik, wurin da zan ce ni na yi wannan abu. A nan ba harshe kaɗai ke ƙi ba, zuciyata ma ba ta yarda ba. Madam ta ce in faɗa ko ban yarda ba, haka kowa ke yi a birni. Na gwada, sai in ji kamar na saci akuyar wani.

Ana saura mako guda in tafi, na je Maradun na ce wa Goggo ta sayar mini da ƙwarya ɗaya da faifanta.

“Mi za ka yi da ƙwarya, Kaɗo? Aure za ka yi?”

Na yi mata bayanin makarantar iya yadda zan iya, na ce manyan malamai za su tambaye ni wa ya yi aikin nan na gishiri, kuma an ce in ce ni ne.

Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai? Mu munka yi mana! Ka taɓa shiga ruwa hal ƙugu da gishiri bisa kai? Ka taɓa zamewa ka riƙe ƙwarya ka bar zanenka ya tahi?”

Sauran matan suka fashe da dariya. Na ce a raina, to shi ke nan, ga mai abu ta karɓi abinta, bara ma gaskiya na faɗa ashe. Na miƙe zan tafi, sai ta kama bakin rigata.

“Zamna, ban ƙare ba. Tun kakata muna komawa da ƙorai wayam. Kasuwag ga cike take da masu baki, ba wanda yag gani, suna can suna surutu. Kai ɗai kag gani. Ɗauka tamu ta, gani naka na. In sun tambaye ka, ka ba kowa nashi.”

Ta zaɓo mini ƙwarya mai kyau, ta ƙi karɓar komai a kanta. Duk hanyar komawa Mafara ban bubbuga sitiyari ba, ban yi Turanci ba, tuƙi kawai nake ina jin wani nauyi na sauka daga ƙirjina.

Ranar ganawa ta biyu na tsaya a bakin ƙofar nan, ƙafata har ƙaiƙayi take don son tuɓe takalmi. Na shiga da su, ina jin kamar na taka tabarmar liman. Gaisuwa ɗaya na yi. Mai tabarau na nan, mazan biyu ne aka canza. Ban iya kallon ƙwayar idonta ba, sai na kafa ido a goshinta, wata dabara da Madam ta koya mini. Jakar buhu na kan cinyata.

Tambayar ba ta canza ba. Na buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Ya maƙale irin wanda ban taɓa yi ba, muƙamuƙina na rawa, gumi na bin bayana, ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da bugun zuciyata. Duk atisayen hanyar Bakura ya gudu ya bar ni. Ɗaya daga cikin mazan ya buɗe baki zai taimaka, mai tabarau ta ɗaga masa hannu. Tunda baki ya ƙi, na bar hannu ya fara. Na ciro ƙwaryar na ajiye a kan teburinsu mai sheƙi. Na ciro ledar gishiri na saka a ciki, ta zauna. Na rufe da faifai. Su uku suka sunkuyo.

Sannan magana ta zo, a guntu-guntu, da tuntuɓe, amma ta zo. Na gaya musu ruwan bayan Dosara, da motar da ke nutsewa, da tiredar da ba gishiri. Na ce ni na ga ƙorai suna komawa wayam, ni na haɗa matan da masu tireda. Na faɗa, kuma rufin ɗakin bai faɗo ba. Na ce matan ne suka ratsa ruwa da kaya a kai, ba ni ba. Na ce akwai wani na uku, wanda ban sani ba, a wani ofis da ban taɓa gani ba, da ya ji labarin ƙwarya daga nesa ya sa aka yanka leda daidai cikinta. Na ce aikin wannan na ukun na zo koya.

Ɗaya daga cikin mazan ya jawo ƙwaryar, ya buɗe, ya ciro ledar ya juya ta, ya mayar, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce shi ma irin gishirin nan ake amfani da shi a gidansa, bai taɓa tambayar kansa dalilin wannan siffa ba. Suka yi ta tambaya, yaya nake sanin yawan da kowane ƙauye ke so, me zan yi da a ce matan sun daina zuwa, ina amsawa ina tuntuɓe, ba wanda ya dubi agogo. Can mai tabarau ta ce ta tuna ni, me ya hana ni faɗin wannan bara? Na ce na ɗauka rashin kunya ne. Mazan suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta sunkuya ta yi rubutu mai ɗan tsawo.

Saƙon ya same ni a Bakura da tsakar rana, ina sauke taki. Na karanta sau uku, na zauna a kan buhu ina ta alhamdu lillahi, hawaye na zuba, mai shagon da nake sauke wa kaya ya zaci rasuwa aka yi mini. An ɗauke ni. Da na koma Mafara Madam ta ɗaga hannu sama ta yi godiya ga Allah irin tasu, sannan ta ce in je in wanke mota, ɗalibi ba ya hana aiki.

Da la'asar na isa Morai. Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama da ni hira, in za ta yi mini magana ma gefe take kallo. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na durƙusa daga nesa na gaya mata an ɗauke ni. Ta ce wa rariyar da ke hannunta, “Madalla.” Can ta ƙara, har yanzu ba ta dube ni ba, “Mi anka ce musu?”

Na gaya mata duka, har wurin da na ce ni na gani, ni na haɗa. Ina faɗa ina jin kunya na rufe ni, don a tsakar gidan nan maganar ta yi wani irin nauyi da ba ta yi a birni ba. Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare. Na ce a raina na samu makaranta na zubar da mutunci a gida.

Sai ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta nufi katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta, ta ƙwala wa matar gidan kira. Da murya sama, yadda duk unguwa za ta ji, ta fara ba ta labari. Wai wancan da ke zaune, shi ya koya wa mai zangarniya yadda ake ƙulla gishiri. Wai manyan malamai sun taru sun rasa amsa sai da ya je ya nuna musu da ƙwarya. Wai tun yana goye ta san shirunsa ba na banza ba ne. Rabin abin da take faɗa ba haka aka yi ba. Na buɗe baki in gyara mata, in ce ai ban yi komai ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta yabe ni ba, ko a gaban idona ko a bayansa. Na rufe bakina, na gyara zama a ƙasa, na bar ta ta faɗi son ranta.